Na Sayar Da Motar, Sunana Yana Kanta

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin rajistar ababen hawa na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Iro Ɗan'azumi, manomi ne ni a Ƙarfi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi. Ban taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa a idon jama'a ba. Yau na yi ne saboda na yi ta zuwa ƙofarka ana ce mini kana taro, kuma abin da ke kaina ba zai jira a tashi taro ba.

Na farko, yadda aka yi cinikin. Ina da tsohuwar a-kori-kura wadda nake kwasar masara da taki da ita. Da 'yan bindiga suka hana mu zuwa gonakin nesa, sai ta zauna a ƙofar gida ba aiki. Bara bayan girbi na sayar da ita ga wani direba ɗan Bakori mai suna Haladu, a gaban shaidu. Mutanenmu da yawa da sun miƙa makulli da takardu shi ke nan, an gama. Ni ban yi haka ba. Na ɗauki Haladu muka yi takardar ciniki, muka yi rantsuwa a kotu, muka zo ofishinka da hotunanmu domin a cire sunana a sa nasa. Muka biya abin da aka ce mu biya, aka ba mu rasit. Ma'aikacin da ya karɓi takardun ya ce na'ura ba ta aiki, amma mu tafi, da ta dawo zai shigar. Na koma daga baya, ya ce an shigar. Na yarda da shi, don ban ga dalilin da zai sa ma'aikacin hukuma ya yi mini ƙarya ba.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Haladu ya sayar da motar ga wani a Funtuwa, ni ban ma sani ba. A daminar nan jami'an tsaro suka tare ta a hanyar daji, shaƙe da jarkokin fetur da buhunan abinci, za a kai wa 'yan bindiga. Direban ya tsere. Da aka duba lambar motar, sunan da ya fito nawa ne, har da garinmu da unguwarmu. Da hantsi suka zo, ina shirin fita gona. A gaban matata Hajara da 'ya'yana da maƙwabta aka sa mini ankwa. Na yi kwanaki a tsare ana tambayata sunayen mutanen da ban taɓa ji ba. Ba don dagacinmu ya tsaya mini ba, da ba a ba da belina ba. Haladu ma, Allah ya saka masa, ya zo da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Amma masu bincike sun ce maganar baki ba ta goge abin da ke cikin rajista, kuma rasit ɗin da ke hannuna kuɗi kawai ya nuna, bai nuna na mene ne ba. Sun ce in kawo takarda daga ofishinka mai tabbatar da cewa na nemi sauya suna tun kafin abin ya faru.

Na uku, abin da na tarar a wurinku. Ma'aikacin nan an ce an yi masa canjin wurin aiki, kuma ba wanda zai faɗa mini inda yake. Wanda ya gaje shi ya ce bai ga fayil ɗina ba. Wani ya tura ni ɗakin ajiya, mai ɗakin ya ce sai da izininka. A bakin ƙofa wani ɗan kamasho ya ja ni gefe, ya ce in na ba da na goro za a buga mini takarda da tsohuwar rana. Na ƙi. Mutumin da ake zargi da taimakon ɓarayin daji, in aka kama shi da takardar jabu, wa zai ƙara sauraron sa?

Ranka ya daɗe, kai ma ɗan yankin nan ne, ka san abin da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ke jawo wa mutum a ƙauyukanmu. Ba a jiran kotu. Maƙwabcina Malam Tanimu, wanda muka tashi tare, 'yan bindiga sun kashe ƙanensa a gona shekarun baya, ni na riƙe makarar. Yanzu in na tsaya kusa da shi a sahun salla sai ya matsa. Ban ga laifinsa ba, ya ga an tafi da ni, bai ga takardar da ta wanke ni ba. 'Yan ƙwadago sun ƙi karɓar aikin gonata, masarata ta bushe a tsaye. Mata sun daina aikowa sayen kayan sana'ar Hajara. Ran kasuwa wasu 'yan sa-kai suka bi ni da ido har na fita, ɗaya ya kira sunana kawai. Na fahimci abin da yake nufi.

Saboda haka ina roƙon ka, don girman Allah, ka sa a buɗe ɗakin ajiya a nemo takarduna. In sun ɓata, littafin karɓar kuɗinku yana nan, a duba lambar rasit ɗina, a kira wanda ya karɓa ya yi bayani. A ba ni takarda mai sa hannunka da hatimin ofis, in kai wa masu bincike kafin su tura maganar kotu, in kuma kai wa dagaci ya karanta a ƙofar masallacin Juma'a. A cire sunana daga kan motar. Sannan a duba sauran mutanen da aka ce wa an shigar alhali ba a shigar ba, don na tabbata ba ni kaɗai ba ne, kuma su ba su san abin da ke jiran su ba.

Ba na neman a kori kowa, ba na neman diyya. Amma ina so a sani cewa in wani abu ya same ni a hanyar gona kafin wannan takarda ta fito, 'ya'yana za su tashi ana kiran su 'ya'yan infoma, kuma ba za su iya wanke ni ba tunda ni ma da raina ban iya ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya yi maka jagora a kan wannan kujera, ya tsare ka daga ranar da za a kira sunanka a kan laifin da ba ka san shi ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu.

Wassalam.

Naka,
Iro Ɗan'azumi,
Ƙarfi.