Kunya Bakwai a Gindin Gawo

Laraba, 4 ga Yuni, 2025

Fasto Musa ne ya ba ni kayen nan, littafin rubutu, tun Kirsimeti, ya ce in riƙa rubuta abin da na roƙi Allah da abin da ya yi mini, wai mutum yana da saurin mantuwa. Wata biyar yana kwance cikin akwatin matata Asabe. Yau na ɗauko shi, kuma ba don godiya ba. In ban rubuta ba zan je in yi abin da zai sa jandarma su san sunana.

Ruwan shuka ya sauka ranar Litinin ina Gabi, wurin ɗiyata Tani da ke fama da laulayin ciki. Jiya na dawo na tarar Illo, maƙwabcina na gona, ya tuge gambar da ke kan iyakarmu tun zamanin Baba Tsoho, mahaifina, ya shuka kunya bakwai a cikin gonata. Har da gawon. Gawon da Baba ya tsare tun yana tsiro, da ya hana akuya ya hana gatari. Geron da ke gindinsa shi ke fara cika mini rumbu kowace shekara.

Wai babansa ne ya ara wa Baba wurin. Yau shekara arba'in ke nan sai yanzu aka tuna.

Duk da haka na gode da ruwan. Ya jiƙa ƙasa har kamu ɗaya, na tona na gani.

Juma'a, 6 ga Yuni

Wurin Mai Gari. Ya saurare mu duka biyu yana ta jan carbi, sannan ya ce irin da ya shiga ƙasa ba a tone shi, haka aka gada. Wanda ya shuka shi zai girbe, maganar iyaka sai bayan kaka.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wata biyar ke nan fa."

Ya ce, "Jatau, gonar tahiya za ta yi?"

Mutane suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Jiya aka yi layya. Tun ina yaro gidan su Illo ke aiko mana nama washegarin Sallah, mu kuma mu aika shinkafa ranar Kirsimeti. Na gaya wa Asabe bana kar ta sa rai. Da la'asar sai ga Ɗelu matar Illo ta shigo da kwano a rufe, ta ajiye a bakin madafa, suka gaisa da Asabe ƙasa ƙasa kamar masu satar hanya, ta fita.

Na ce ba zan ci ba. Na ci tsoka biyu.

Bayan sujada na tsaya da Fasto na zazzage masa komai. Ina jira ya ce zai raka ni meri, ofishin magajin gari. Sai ya ce, "Malam Jatau, Yesu bai ce mu ƙaunaci maƙiyi bayan an gama shari'a ba. Ka riƙa ambaton sunan Illo cikin addu'arka kowace safiya. Sunan kawai, in ba ka iya fiye da haka."

Na ce to. Me zan ce?

Litinin, 9 ga Yuni

Na yi. Na ce, "Ubangiji, ga Illo, kai ma ka gan shi." Amin.

Alhamis, 19 ga Yuni

Kwana goma babu ruwa, shuka ta fara murɗewa, jiya da hantsi sai Allah ya sako shi. Na tsaya cikin gona ya dake ni sosai, ban nemi mafaka ba. Na gode, na gode.

Abin da ke ci mini rai, kunyoyin nan bakwai sun fi ko'ina kyau. Kore shar. Ina noma ina satar kallonsu kamar mai kallon tuwon wani. Asabe ta ce wuyana zai karkace kafin kaka.

Addu'ar Illo tana nan. Wani lokaci nakan ƙara da cewa Allah ya nuna masa kuskurensa. Asabe ta ce wannan ba addu'a ba ce, ƙara ce na kai sama.

Talata, 24 ga Yuni

Illo ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Ɗan Issa, ƙafar dama ta karye a ƙauri. An kai shi wurin maɗori, an ce wata biyu ba zai taka ba.

Zan faɗi gaskiya tunda babu mai karanta wannan sai ni da Allah. Da na ji, wani abu ya yi mini sanyi a ƙirji, har na kusa cewa an amsa. Bai kai minti ɗaya ba kunya ta rufe ni. Ba wannan na roƙa ba, Ubangiji. Ko kuwa shi na roƙa ban sani ba? Ka gafarta mini.

Ban je dubiya ba. Asabe ta je.

Laraba, 2 ga Yuli

Ciyawa ta taso wa gonar Illo. Ƙanensa Sadiƙ yana ta tasa gonar, ba ya da hannu biyu na ba wani. Ni ma bayana ya fara ciwo, rabin gonata ban kai gare shi ba. Surukina Adamu ya aiko cewa ranar Asabar zai kawo mini gayya daga Gabi, mutum goma sha huɗu 'yan majami'arsu. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Asabe ta jiƙa gero tun yau.

Asabar, 5 ga Yuli

Sai na rubuta wannan kafin in fara gyara labarin don ya yi mini daɗi.

Sun iso da sassafe, kowa da hauyarsa. Babu wanda ya san gonar a cikinsu, Adamu ma sau ɗaya ya taɓa zuwa. Ya tambaye ni, "Baba, ina ne iyaka?" Ni kuma hankalina yana kan amalanken da zai ɗauko ruwa da fura, sai bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara talatin: "Ku yi gabas, har ku iske gamba."

Na manta babu gambar. Ni da na yi wata ɗaya ba na maganar komai sai ita.

Saniyar amalanke ta yi mini gardama a bakin tafki, ban dawo ba sai da rana ta take. Daga nesa na ga gonata babu kowa. Suna can gaba, sun wuce gawo, sun wuce kunya bakwai, sun yi nisa cikin gonar Illo suna waƙa, suna neman gamba. Gambar da ke gabansu kuwa ita ce ta can ƙarshen gonarsa. Sun riga sun nome kashi biyu cikin uku.

Wani dogo a cikinsu ya ɗago ya ce, "Baba Jatau, wanga gehen ka bar shi ya zama daji, sai ka ce ba naka ba ne."

Na buɗe baki. Abin da ya zo mini shi ne in daka tsawa su tsaya. Furata, tuwona, gumin surukina, a gonar mutumin da ya tuge gambar Baba. Na dubi geron Illo inda aka nome, ya miƙe yana shan iska, na dubi inda ba a kai ba, ciyawa ta shaƙe shi ya yi ja. Gero bai san rigimarmu ba. Sai sunan nan da nake faɗa kowace safiya ya faɗo mini a rai.

Adamu ya ga fuskata, ya matso. Na gaya masa a hankali. Ya riƙe baki. Ya ce, "Baba, in tsai da su?"

Na ce, "Ku sha hura tukuna." Da suka sha na ce su ƙarasa. Na ɗauki hauya na shiga layi, don in na tsaya kallo zan canza magana.

Ban ji daɗi ba, kar in yi ƙarya. Amma na ci tuwo da yawa.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ashe ban gama ba. Sadiƙ ya zo ƙofar gida tun kafin mu tafi sujada, yana cewa na ga yayansa a kwance na kawo baƙi na nome gonar don in ce tawa ce. A nan wanda ya nome wuri yana da bakin magana a kansa, kowa ya san haka, ban ga laifinsa ba sosai. Amma zafin da na ji. Ka yi abu da ƙyar, a ce maka ɓarawo.

Fasto ya ce in je da kaina, kar in aika.

Litinin, 7 ga Yuli

Na je. Illo yana kwance a zaure, ƙafar a ɗaure da karare, ya rame. Mun yi kiwon awaki tare da mutumin nan, shi ya koya mini iyo a tafki. Na gaishe shi da jiki, ya amsa yana kallon rufi.

Na ce, "Illo, ban zo neman godiya ba, ban kuma nome don in riƙe ba. Kashi biyu kuskure ne, bakina ya aike su. Na ukun ni na ce a ƙarasa. Geronka naka ne, har na kunya bakwai ɗin. Maganar iyaka tana nan sai kaka, ban janye ba."

 Ya ce, "Don mi?"

Na ce ni ma ban gama sani ba, amma wata guda ke nan ina faɗa wa Allah sunanka kowace safiya. Ya juya fuska wajen bango. Na jira kaɗan na tashi.

Laraba, 23 ga Yuli

Shiru daga gidansu. Na ɗauka zai aiko ko da gaisuwa. Ubangiji, ka san ni da jira.

Asabar, 16 ga Agusta

Gero ya yi ciki. Masunta sun samu kifi, Asabe ta yi miyar tarwaɗa, na sha har na yi gumi. Bayana ya daina ciwo. Abubuwa uku ke nan na godiya a rana ɗaya, Fasto zai ji daɗi.

Yau da safe na ji kaina ina roƙo ƙashin Illo ya haɗu daidai kar ya gurgunce. Ban shirya faɗin haka ba, fita ya yi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Tani ta sauka lafiya, namiji. Na yi kuka a bayan rumbu inda babu mai gani. Ɗelu ta raka Asabe har Gabi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

An gama yankan gero. Rumbuna bai cika kamar bara ba, ya rage wajen dami tara, daidai abin da gindin gawo ke bayarwa. Na ga an ɗauke su a amalanken Sadiƙ. Na ce ba zan ƙirga ba, na ƙirga.

Amma abin da muka samu zai kai mu, in an yi tattali. Na gode.

Mai Gari ya sa ranar Litinin, 3 ga wata mai zuwa, don maganar iyaka.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na fita da wuri in sake duba wurin kafin a zauna, in auna da ƙafa daga gawo, don in san abin da zan faɗa. Tun daga nesa na hango mutum a zaune a ƙasa. Illo ne, sandarsa a gefe, ƙafar a miƙe, yana tona rami da ƙaramar kwasa. Kusa da shi buhu cike da saiwar gamba. Ya riga ya dasa wajen guda goma, yana jan jiki daga rami zuwa rami. A kan tsohon layi, daidai inda take. Gawon yana ɓangaren gonata.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na aika wa Mai Gari kar shi wahal da kanshi." Can kuma ya ce, "Damman nan tara suna zaure, ban sa su rumbu ba. Ka aiko a ɗauka."

Na tsuguna na ciro ɗaya daga cikin waɗanda ya dasa. Ƙasa ta bushe ƙurmus, ruwa ya ɗauke tun wata guda. Na ce, "Illo, kai da noma tun kana yaro, wa ke dashen gamba da rani? Kwana uku ta mutu. Bari sai ruwa ya sauka, mu dasa tare."

Ya ce, "Wata bakwai fa ke nan babu iyaka tsakaninmu."

Na ce, "Gonar tahiya za ta yi?"

Ya yi dariya har ya riƙe ƙafar. Na ɗora shi a amalanke na kai shi gida. Dami huɗu na ɗauka, na ce sauran ladan shuka ne, shi ya zuba irin.

Talata, 4 ga Nuwamba

Asabe ta ce wai ni ne yau nake ba wani haƙurin jiran damina. Na ce maganar noma ce kawai, gamba ba ta kamawa da rani, kowa ya sani. Ta ce to.

Ta kuma ce da safe ta ji na sa sunan Illo tsakanin na Tani da na jinjiri, ban ko ambaci gona ba. Ni ban lura ba. Wataƙila ma ba ta ji daidai ba, tana daka.

Ƙafar tasa har yanzu tana kumbura da yamma. Gobe in na je kasuwar Madarumfa zan nemo masa man shafawa.