Dutsen da Baba Woru Ya Ƙi

Daren Laraba, Tourou

Barci ya ƙi zuwa. Da safe kamiyo, babbar motar kaya, ta sauke jajayen duwatsun da na sa aka kwaso daga Sérou don ginin ɗakin Inna. Na fi son dutse da bulo, ya fi riƙe sanyi. Baba Woru magini yana cikin tsince su sai ya tsaya cak. Ya ɗago wani mai santsi, da ɗan rami a tsakiya. Ramin ya dafe da tsohon manja, ga gashin baƙar kaza manne a jiki.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba na gini ba ne. Akwai masu ba shi abinci. A mai da shi inda aka ɗauko."

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, dutse fa!" Duk da haka na bar shi ya ajiye shi a gindin mangwaro.

Bayan magariba na koma in rufe siminti da leda. Gindin mangwaro wayam. Na haska bango da tocila, ga dutsen nan zaune cikin ginin, daidai inda kan gadon Inna zai kasance, simintin da ke kewaye da shi ɗanye sharaf. Ma'aikata kuwa tun azahar suka tashi.

Na buga wa Baba Woru waya, ya rantse bai taɓa shi ba. Ya ce kada in kuskura in cire shi da hannuna.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Amma ɗazu da na je yi wa Inna sai da safe, ta ce gobe in sayo mata manja da baƙar kaza. Wai haka kawai take marmari.