Zagayen Birni da Kawu Nomau

Damagaram, unguwar Birni, 14 ga Mayu, 1974

Zuwa ga Yayana Idirisu, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Lubabatu da yara, Ya ƙara maka buɗi a baƙon wuri. Mu nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Rabi tana nan, yara suna zuwa lakwal karatu ran da aka samu abin karyawa. Dukanci kuwa, fata ta cika gari tunda dabbobi sun ƙare, sai dai ba mai sayen jaka ko takalmi. Sama har yau fes take.

Takardarka ta iso. Na ga kana so ka kawo yara bakans, wato hutun makaranta, su yi kwana biyu a garin ubansu, kana tambaya ina da ina ya kamata a kai su. Amsar tana hannuna, don makon jiya na yi wannan zagayen da Kawu Nomau na Dakusa, ƙanen marigayiya Inna. Amma gara in gaya maka tun yanzu, a ranar zagayen ne geron shukarsa ya salwanta, kuma a gidana. Ina rubuta maka ne ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Ka tuna geron da suke cewa geron Kaka, mai gajeren kai, wanda ke nuna ko damina ta yi rowa. Bana duk danginmu na can sun cinye irinsu, Kawu kaɗai ya rage da ɗan ƙunshin zangarniya, kuma shi ya zo da shi Laraba da la'asar, naɗe a tsohuwar tabarma. Rabi ta karɓe shi tun daga zaure tana ta godiya. Mu 'yan birni mun saba mutumin ƙauye ba ya zuwa hannu rabbana, duk abin da ya sauke tsaraba ce. Shi kuma ka san shi, mutumin da ne, baƙo ba ya kwance maganar da ta kawo shi ran da ya sauka, sai ya sha ruwa, ya kwana, ya gaida kowa. A ganinsa Rabi kaya kawai ta karɓar wa baƙo. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da safe ya ce yana da magana da ni. Ni kuwa ka san bakina, tun da na fara zagawa da Nasara masu son ganin gari na ɗauki kaina malamin tarihi. Na ce maganar ta jira, mutum mai furfura bai taɓa ganin Birni da kyau ba ai abin kunya ne, mu fita kafin rana ta yi zafi. Muka fara da ƙofar fada, ya tsaya daga nesa ya tuɓe takalmi, ko da yake ba wanda ya ce ya tuɓe. Na bi da shi lunguna yana kallon zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen fatake. Na nuna masa abin da ya saura na ganuwa, na ba shi labarin zamanin Sarki Tanimun, da igwa, da ayarin raƙuma masu zuwa daga arewa. Ya shafa ganuwar da tafin hannu, ya ce ƙasar nan da an baza ta a gona da ta yi gero. Nan ya kamata ka fara da yara, da sassafe.

Daga nan muka ƙetara Zango, masaukin ayari a da. Yanzu ma ayari ne ya sauka a gefen gari, amma ba raƙumi ko ɗaya, sai mutane a ƙarƙashin tsummoki suna jiran kamyon, babbar motar abincin taimako. Ran Alhamis ce, kasuwar Dole tana ci. Buzaye sun shimfiɗa takubba da azurfar matansu, ba mai tayawa. Ban ce ka hana yara gani ba, amma ka shirya abin da za ka gaya musu.

A ƙarshe muka dawo muka hau duwatsun Birni, inda ake hango gari duka. Nan nake rufe zagayena kullum, in ce garin nan shi ne babban birnin ƙasa a farkon mulkin Faransa, kafin a ɗauke a kai Yamai, ana cewa har da ƙarancin ruwa a dalilin. Kawu ya yi ɗan murmushi, ya ce su masu mulki sun ji daɗi da nasu ke ɗaukuwa, manomi ba ya aza gona a ka. Sannan ya gyara zama ya kwance maganarsa. Ya ce jikokinsa suna kuka da rana tsaka, ya fara tsoron hannun kansa, shi ya sa ya kawo irin in ajiye masa amana, tunda mu muna samun jar dawar taimako. Ran da ruwa ya sauka zai zo ya karɓa.

Yaya, a nan ne na tuna da ƙarar taɓarya da na ji a bayanmu sa'ad da muke fita daga zaure. Ban tashi da gudu ba. Na ɗaga hannu na nuna masa tsohon barikin soja, na ci gaba da faɗa masa shekarar da aka gina shi. Ina jin muryata tana fita kamar ta wani.

Mun iso gida bayan azahar. Rabi ta fito da ƙwaryar fura da fara'arta, wata uku rabon da ta ga gero, ga kunyar baƙo ya kwana da tuwon jar dawa. Ta sussuke duka, ta dama da tsamiya tunda ba nono, har 'ya'yan maƙwabta sun samu. Kawu ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dubi kusurwar da aka jingine tabarmarsa. Sai ya sake bisimilla ya shanye, ya ce wa Rabi Allah Ya yi albarka, hannunta na da daɗi. Ni na gaya mata a ɗaki cewa irin shukarsa ne ta daka. Ba ta yi kuka ba, ta je gindin turmi ta zauna.

Can sai ya tambaye ni ko muna da kaji. Na ce tun bara ba ko ɗaya. Ya ce alhamdu lillahi, ya nemi faifai, ya durƙusa inda aka yi sussuka ya fara tara ƙasa da ƙaiƙayi yana sheƙewa. Muka durƙusa duka, har yara, muna tsintar tsaba ɗaya-ɗaya har aka kira magariba. Abin da aka samu bai cika ludayi ba.

Ran Juma'a na raka shi tasha, na yi zaton zai tafi da abinsa, kuma da ya yi haka ba zan ga laifinsa ba. Sai ya ciro ƙullin tsabar ya sa a hannuna. Ya ce abin da ya kawo shi ke nan tun farko, yunwar Dakusa ba ta tafi ba, kuma gidan da ya yi kuskure sau ɗaya ya fi kowane gida iya tsaro. Na dawo na ɗinke shi cikin jar fata, ɗinki biyu, na rataya a wuya. Mutane sun ɗauka laya ce, ban gyara musu ba.

Ku zo, kwana biyu sun isa ganin gari. Ka gaida Yaya Lubabatu, da Mutari, da Barira, da auta Kulu da ban taɓa gani ba. Rabi tana gaishe ku, har yau ba ta sake taɓa taɓarya ba, wata maƙwabciya ke yi mata daka. Ku sa mu a addu'a, Allah Ya saukar da ruwa tun Kawu yana da ƙarfin riƙe sungumi. Kowace asuba in na fito alwala nakan taɓa wuyana, sannan in dubi gabas.

Ni ne ƙanenka,
Alkasum Baduku