Shaidar Auren Baba da Inna

Daga Rano

Zuwa ga Yaya Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Maryam da yara. Ya aiki, ya sanyin can? Allah ya taimaka.

Yaya, maganar takardun zaman su Baba a wurinka ta cije. Fasfo da gwajin asibiti da takardar 'yan sanda duk sun fito. Saura shaidar aurensu, kuma lokacin da aka ɗaura shi ba a rubuta komai ba. A kotu aka ce mu kawo wanda ya halarci ɗaurin auren ya yi rantsuwa. Mutum ɗaya ya rage, Malam Sule na Kibiya. Jiya na hau babur na je, na tarar ana zaman makokinsa.

Da na dawo na faɗa musu, Inna ta ce wa Baba, "Malam, ka tafi kai kaɗai a duba maka ƙodar nan."

Baba ya dube ni ya ce, "Matar da ta haifa min ku, sai takarda ce za ta ce tawa ce? Ƙafata ƙafarta."

Kumburin ƙafafunsa ya ƙaru, yanzu a zaune yake sallah. Don Allah ka tambayi lauyanka ko za su karɓi shaidar liman ko ta dagaci. Ni dabara ta ƙare min.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Inna ta ja ni gefe ta ce in roƙe ka: in babu hanya, ka ce wa Baba nata takardun suna tafe, ya yi gaba ya jira ta.

Ƙaninka,
Kabiru