Akwatin Littattafan Danchadi: Ba Mu Ɓata Ba, Gyara Muka Yi

Zuwa ga Mai Girma Mai Kula da Akwatunan Littattafai Masu Yawo,

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Mamman ɗan Alu, baduku, mutumin Danchadi a ƙasar Bodinga. Ni ne aka danƙa wa akwatin littattafan da ofishinka ya aiko mana bara waccan bayan girbi. Na sa a buga wannan a jarida ne domin a bainar jama'a aka karanta takardar da ta kira ni mai ɓarna, to amsata ma jama'a su ji ta.

Ga abin da ya faru. Ranar Laraba ta biyu bayan Babbar Salla, malamin dubawa ya zo da masinja. Ya ɗaga murfin akwati, ya leƙa, ya riƙe baki, ya rufe. Ko furar da aka kawo masa ba ta gama narkewa ba ya hau kekensa. Bayan kwana tara masinja ya dawo da takarda, ya karanta ta a ƙofar maigari, wai an yayyage littattafan Gwamnati, an cika su da zane-zane, saboda haka an janye akwati daga garinmu. Aka ɗora shi a jaki ina tsaye. Na ji ciwo, ban ɓoye ba, har yau kuma ina ji.

Ga amsata. Na ɗaya. Littafi arba'in da biyu aka ba ni, arba'in da biyu aka ɗauka. Akwai na labarai, akwai na noma da kiwon dabbobi da tsabtar jiki, akwai na tarihin ƙasashe, da ƙanana masu hotuna na yara. Ko warƙa guda, wato fallen takarda, ba ta ɓace ba. A ƙidaya a gani.

Na biyu. Gaskiya ne mun kwance ɗinkinsu, kuma da hannuna na kwance. Da waya aka ɗinke su, damina na tsayawa ta yi tsatsa, ta fara cin takarda. Mu kuwa a nan Sakkwato ba yau muka fara riƙe littafi ba. Na malamanmu warƙa-warƙa suke, ba ɗinki, ana haɗa su tsakanin alluna biyu masu rufin fata a ɗaure, a sa cikin gafaka. Kakana gafaka yake ɗinkawa, ubana ma haka. Akwai wadda kakana ya yi tun Turawa ba su zo ba, tana nan a gidan liman, littafin cikinta ko gara ba ta taɓa ba. Na zauna kwana ashirin ina yi wa naku irin wannan sutura da jar fatar akuya, wadda fatake ke zuwa nema daga nesa. Ba wanda ya sa ni. Na ga littafi ne tsirara, na kasa haƙuri.

A ƙasan kowace warƙa mun rubuta kalmar da ta gaba ke farawa da ita, yadda masu kwafi ke yi, don kada tsari ya rikice. Wannan yana cikin abin da malamin dubawa ya kira zane-zane.

Na uku. Mu goma sha tara ne muka fito daga ajin manya da iya karatun boko, ga kuma waɗanda muke karanta wa. Littafin labari guda ɗaya da kowa ke so, da a ɗinke yake, sai wani ya jira har rani. Da aka warware shi, mutum shida suna karatunsa rana ɗaya, na gaba na miƙa wa na baya, har a kan yi faɗa in wani ya yi nawa. Na yara kuwa sun shiga gidajen da masinjan ofishinka ba zai taɓa shiga ba. Matata Hajo a kan warƙa mai hoton zakara ta gane baƙaƙen boko, yanzu har gyara mini take yi, abin da ban ce ina jin daɗinsa kullum ba. Wani Bafulatani, Jaɓɓi, daga Kajiji ta ƙasar Shagari yake tasowa ran kasuwa ya karɓi warƙa huɗu na cututtukan shanu, a karanta musu a ruga, ya dawo da su mako mai zuwa a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

Na huɗu. Rubutun gefen shafi. A wajenmu littafin da malami ya karanta bai sa masa alƙalami ba, to bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Littafinku na noma ya faɗi watan shuka wanda ya dace da ƙasashen kudu. Malam Isa, dattijon da ya tsufa a fadama yana noman albasa, ya rubuta a gefe da ajami cewa ruwanmu ba ya sauka a lokacin, wanda ya bi wannan zai yi asarar iri. Shin ɓarna ce wannan? Wanda ya wallafa littafin, in mai son ilimi ne, tukuici ya kamata ya aiko wa Malam Isa. An gaya mini akwai garin da aka yaba wa don akwatinsu ya koma fes kamar ranar da aka kai shi. Ban yi mamaki ba, ranka ya daɗe. Ni ma ina da rigar da ba ta taɓa datti ba, tana ƙasan adaka.

Ban ce ba ni da laifi ba. Ya kamata in nemi izini kafin in sa wuƙa a wayar nan, ban nema ba, domin ban san abin tambaya ba ne. Wannan na ɗauka. Amma kalmar ɓarna ban ɗauka ba, kuma ba zan bar wa 'ya'yana ita ba.

Roƙona uku ne. A janye waccan takarda, a karanta janyewar a inda aka karanta ta. A aiko wanda ya san littafi ya zauna ya duba, ko da yini ɗaya. A dawo wa Danchadi da akwatinta kafin ayyukan damina su ɗauke mutane. In kuwa dole sai an hukunta wani, a karɓe aikin daga hannuna a ba wani, amma kada a hana gari guda karatu saboda baduku ɗaya.

Abu na ƙarshe. Da masinja ya ɗauki akwati, bai tambayi makulli ba, wata biyu ke nan kuma ba wanda ya aiko nemansa. Ke nan a kulle yake tun ranar, kuma ko kai ba ka ga abin da aka yanke mana hukunci a kansa ba. Na ba maigari makullin ya aiko maka. Ka buɗe da hannunka, ka zaro gafaka ɗaya, duk wadda ka ga dama, ka karanta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya tsare ka daga hukunci kan abin da ba ka gani ba.

Wassalam.

Mamman ɗan Alu Baduku,
Danchadi, ƙasar Bodinga.