Tutar Yaya Lawal

Plumstead, Landan
Litinin, 14 ga Nuwamba, 1977

Zuwa ga Hansai, sanyin idona, ranata a ƙasar da rana ke rowar fitowa, garwashin da nake jin ɗumi da shi tun da na baro gida. Sallama irin ta wanda ya yi laifi, ya kuma san ya yi.

Yau kwana goma sha ɗaya ban ji muryarki ba. Na buga waya masaukinku na Edmonton har yatsana ya gaji da juya lamba, kullum sai a ce kina bakin aiki. Wane irin asibiti ne wannan da ba ya barin nas ta numfasa? Na san ba aiki ne ya ɓoye ki ba, ni ne.

Kin tuna Sallar bara a Regent's Park, da ruwan sama ya kore mu muka raɓe ƙarƙashin bishiya guda? Da na ce kamfanin mai ne ya turo ni koyon nutso, dariya kika yi har da riƙe ciki. Kika ce ba ki taɓa ganin ɗan Gumel, inda ake jan guga gaba ashirin kafin a ga ruwa, ya ƙetaro teku don ya koyi zama kifi ba. Wayyo wannan dariya! Ita nake tafiya da ita ƙasa duk sa'ad da ruwa ya rufe kaina.

Ranar da na ce miki bangon ɗakina tsirara yake, babu abin da ke tuna mini gida, kika kawo mini tutar nan a naɗe, tana ƙamshin turaren wuta. Kika ce ta Yaya Lawal ce, wanku soja da ya rasu a yaƙi. Ba ki faɗi yadda ya rasu ba, ni kuma ban tambaya ba. Wannan ne laifina na farko.

Na biyu kuwa kin gan shi da idonki. Al'adar makarantarmu ce, ranar gwajin ƙarshe kowa ya sauka da tutar ƙasarsa, ya buɗe ta a ƙasan ruwa a ɗauke shi hoto. Ɗan Iran ya zo da tasa, ɗan Norway ma haka. Ni kaɗai ne baƙar fata, ni kaɗai ɗan Nijeriya. In sauka hannu rabbana? Na ce a raina ƙasata ta samu arziki a ƙarƙashin teku, yau ga ɗanta ya kai sunanta can. Wallahi girmamawa na nufa. Da na ware ta a cikin duhun nan, kore, fari, kore, sai da hawaye ya cika mini gilashin fuska.

Na taho miki da hoton ina rawar jiki kamar yaro da sabuwar riga. Kika duba, kika ajiye shi a kan benci. Abin da kika ce kawai shi ne, ita ma ka kai ta ruwa? Kika hau bas ko waiwaye babu.

Sai jiya ƙawarki Murja ta tausaya mini ta warware mini. Ashe jirginsu Yaya Lawal ne ya nutse suna ƙetare kogin Kwara. Ashe ba a ga gawarsa ba, babu likkafani, babu kabarin da za a tsaya a yi masa addu'a. Abokansa suka kawo akwatinsa da wannan tuta, Innarku ta shekara tara tana turara ta, ko ɗigon ruwa ba ta yarda ya taɓa ta ba. Ni kuma, sarkin wayo, na ɗauki abu ɗaya da ruwa ya bar muku, na mayar masa da hannuna.

Da, na shirya hujjoji. Malaminmu ya ce matuƙar ba ta taɓa ƙasa ba, ba a wulaƙanta ta ba. Na yi niyyar in rantse miki na ɗaga ta sama da kaina, taɓo bai shafe ta ba. Amma me dokar tuta ta sani game da uwa da akwatin ɗanta? Na zubar da hujjojin nan, Hansai. Haƙuri kawai nake roƙo.

Ga ta nan cikin ƙunshin da na haɗo da wasiƙar nan. Na shanya ta, na goge, na turara. Sai dai koren ya zuba cikin farin, na yi iyakar yina bai fita ba. Ba zan ɓoye miki ba, ba za ta koma yadda take ba.

Ran Asabar jirginmu zai tashi, an tura ni Warri. Murja ba ta sani ba, amma ni na duba taswira: inda zan riƙa nutso, nan ne Kwara ke zuba cikin teku. Na yi alkawari, duk saukar da zan yi sai na yi wa Yaya Lawal Fatiha kafin in taɓa aiki. Shekara goma babu mai kai masa ziyara. Ko kin yafe, ko ba ki yafe ba, yanzu ya samu.

Ran Juma'a bayan an idar, zan tsaya ƙarƙashin bishiyarmu har la'asar. In kin zo, ko harara ce ki ba ni, ta ishe ni guzuri. In ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba.

Naki a tudu, naki a ruwa, har ranar da numfashi zai ƙare,

Maje