Karen Da Ya Biyo Jirgin Baba

Unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi.
Lahadi, 13 ga Oktoba.

Zuwa ga yayana Abdussamadu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Nana Aisha da ɗanku Abbas, wanda har yau a hoto kawai muka san shi. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Malam Musaddiq yana nan yana fama da ɗalibansa, 'yarka ta wajena, Mubina, kuwa ta shiga aji uku, baki ya buɗe, ba ta barin kowa ya huta. Na ga gara in rubuto in ba Alhaji Hodi da zai taho da motar albasa, domin a waya gaisuwa kawai muke yi layin ya yanke, abin da ke raina kuma ya fi ƙarfin gaisuwa.

Baba ya ce maka ɗan ruwa ne ya shigo tsakar gida. Ka san halinsa, ba ya son ya tayar maka da hankali. Gaskiyar magana, ƙauyenmu na bayan Gulma ruwa ya ci shi gaba ɗaya. Shinkafar fadama tana cikin fitar da kai gulbi ya hau kanta, ko tsinke ba a tsira da shi ba. Katangar gidanmu ta zube, rumbu biyu sun tafi, ɗakin marigayiya Inna ma ya kwanta. Da hantsi aka kwashe mutane a jiragen ruwa zuwa wata makarantar firamare a Argungu, can Malam ya je ya ɗauko mana Baba, daga shi sai buta da carbi da rigar jikinsa.

Kwana tara Baba ya yi a gidanmu ba ya cin abin kirki. In na kawo tuwo, loma biyu zai yi ya ture kwanon. Na dama masa fura da nono mai kyau irin wadda yake so, ya kurɓa ya ajiye. Muka kai shi asibiti, likita ya ce jininsa ya ɗan hau, ban da wannan bai ga komai ba. Ni na ɗauka baƙin cikin shinkafa ne, ko na ɗakin Inna. Sai ran na tara, bayan la'asar, ina zaune kusa da shi ina tsince wake, ya tambaye ni, bai ko dube ni ba, wai kwana nawa kare yake iya yi bai ci abinci ba.

Nan ne na tuna da karenka Duna. Wallahi Yaya, kunya ta kama ni, domin tun da aka yi ruwan ban taɓa tambayar inda yake ba. Baba ya ba ni labari a hankali. Ya ce da jirgin Tamba masunci ya zo ɗaukarsu, cike yake da mata da yara da buhunan hatsi. Baba na shiga, Duna ya yi tsalle ya faɗa bayansa. Mata suka sa ihu kada ya taɓa musu tufafi, Tamba ya sa gora ya ture shi cikin ruwa. Baba ya ce bai ga laifin kowa ba, ran mutum ake ceto. Amma karen bai koma ba. Ya biyo jirgin da iyo, kansa kawai ake gani, har suka wuce giginyun nan na bakin gonar Kawu Atiku. Can ƙarfinsa ya ƙare, ya juya. Baba yana kallonsa har ya ɓace, bai iya buɗe baki ya ce a tsaya ba.

Na ce masa me ya hana shi faɗa tun ranar. Ya ce da wane baki dattijo kamarsa zai ce yana kewar kare, alhali mutane sun rasa gidaje, wasu har da rayuka? Sannan ya ce ranar da za ka tafi, shekara shida ke nan, ba ka bar masa komai a hannu ba sai karen nan, ka ce ya riƙe maka shi har ka dawo. Ka tuna yadda ka tsinto shi a kwata bayan kasuwar Argungu, ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, Inna tana faɗa kana ɓoye shi a bayan rumbu? Tun rasuwarta, ashe Duna ne abokin hirar Baba. Tare suke zuwa fadama, tare suke dawowa, in ya shiga masallaci karen ya kwanta nesa a gindin bishiyar bedi yana jiransa.

Washegari na nemi izinin Malam, na hau mota zuwa Argungu, na sami Hammadu ɗan Kawu Atiku ya yarda ya kai ni a jirginsa. Ya gaya mini tun a bakin ruwa kada in sa rai. Yaya, ban gane garinmu ba. Mun bi ta kan hanyar da muke zuwa makarantar allo, jirgi yana wucewa a kanta. Ko'ina wari, ga gawawwakin tumaki sun kumbura sun maƙale a ƙaya. Mun zaga gidanmu sau biyu ba mu ga komai ba. Har Hammadu ya juya kan jirgi, sai ya hango wani abu baƙi a kan tudun masussuka, wanda shi kaɗai ruwa bai rufe ba.

Shi ne. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙafarsa ta baya kwanon rufi ya yanke ta, ƙudaje sun rufe ciwon. Ga alama matattun kifi yake ci. Da muka matso ya yi mana gurnani, ya ja da baya. Na kira sunansa, na jefa masa ƙosai, ko kallo bai yi ba. Da dabara ta ƙare mini, sai na tuna fiton nan da kake yi masa, gajere biyu dogo ɗaya. Ni matar malam, da hijabina har ƙasa, na tsaya a tsakiyar jirgi ina fito, Hammadu yana dariya har gora ta kusa suɓuce masa. A karo na uku Duna ya ɗaga kunne. Ya taho yana ɗingishi, ya shigo ruwa, ya dafa gefen jirgi. Amma ba ni yake kallo ba, bayana yake leƙawa, yana neman mai fiton na asali. Nan dariyar Hammadu ta tsaya, ni kuma na kasa riƙe hawaye.

A hanyar dawowa sai fargaba ta kama ni. Ka san gidan su Malam gidan karatu ne, tun kakanninsu ba a taɓa ajiye kare ba, ga ɗalibai suna shige da fice. Direba ma sai da na roƙe shi kafin ya bari a sa Duna a bayan mota cikin kwando. Da muka iso, Malam ya fito ya daɗe yana duban ƙafar nan. Ya ce cikin gida dai kare ba zai zauna ba, wannan ba ya canzawa, amma garken ragunansa na bayan gida ya daɗe yana bukatar mai gadi. Da hannunsa ya kafa masa 'yar rumfa da zana, ya kira likitan dabbobi ya wanke ciwon ya yi masa allura. Maƙwabta sun yi 'yan maganganunsu. Ya ce musu wanda ya tausaya wa dabba mai jin ƙishi ba ya rasa lada wurin Allah.

Da na fito da Baba, ban san abin da zan gani ba. Duna ya ja jiki ya zo ya kwantar da kai kusa da takalminsa. Baba ya zauna a kan turmi, bai taɓa shi ba, abin da ya ce kawai shi ne, ka rame. Suka zauna haka har aka kira magariba. Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas, ya sa na ƙaro, rabin ƙarin ya kai wa Duna.

Yanzu ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi. Mubina ce ta karɓe aikin kai masa ruwa. Baba ya fara maganar komawa in ƙasa ta bushe, wai zai buga tubali ya tayar da ko ɗaki ɗaya ne, ya yi noman rani. Ni dai ban ga ƙarfin da zai yi wannan shi kaɗai ba.

Yaya, na san abin da ya hana ka zuwa. Kana jin nauyin ka dawo ba ka tara abin da ka fita nema ba, kuma rashin samun jana'izar Inna yana cin ranka. Babu wanda ya riƙe ka da wannan. Ba kaya muke jira ba, fuskarka muke so mu gani.

Malam Musaddiq yana gaishe ka, haka Kawu Atiku da Hammadu da Goggo Riskuwa. Mubina ta ce a gaida ƙanenta Abbas. Ka gaida mini Nana Aisha da kyau, ka yi wa Alhaji Hodi godiya.

Da na ce wa Baba ina rubuto maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce babu. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya ce in gaya maka gemun Duna ya yi fari, ba ya ko iya korar akuya, kuma kare ba ya daɗewa a duniya. In kana son ka same shi da rai, kada ka bari wata damina ta zagayo. Sunan kare ya kira, Yaya, amma hannunsa na kan nasa gemun yake maganar.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Ummu Hani.